Fasa daɓen sito a Agege: abin da nake rubutawa ranar aiki

Asabar, 4 ga Janairu 2025

An gama kwashe kaya daga sito. Wake da gero da ragowar masara sun koma shagon wani ɗan garinmu da ke tsallaken titin jirgi, zai riƙe mini su zuwa ƙarshen Fabrairu. Aikin da ke gabana shi ne a fasa tsohon daɓen baki ɗaya, mita 6 da mita 4, a ɗaga shi, a shimfiɗa leda, a zuba sabon kankare tun kafin ruwan Afrilu ya kankama. Daɓen ya yi ƙasa da bakin kwata, kuma waɗanda suka zuba shi ba su sa leda ba, shi ya sa bara laima ta taso ta ƙasa ta ɓata buhunan da ke layin farko duk da katakon da ke ƙarƙashinsu.

A tsakiyar ɗakin akwai dakalin kankare da wani tsohon ɗan haya ya ɗora injin niƙa a kai. Magini ya ɗora masa guduma, ta yi tsalle ta dawo. Ya ce, "Alhaji, wannan ba aikin guduma da cizal ba ne, sai injin fasa kankare."

Talata, 7 ga Janairu

Baba mai gida, dattijon Bayarabe ne mai haƙuri, amma da ya ji maganar inji sai fuskarsa ta canja. Gidan bene ne hawa ɗaya, iyalai uku a sama. Ya ambaci benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Nuwamba 2021, ya ce shi ba zai yarda a girgiza masa gini ba sai injiniya ya gani. Ban yi masa gardama ba, gaskiyarsa ce.

Injiniya ya zo da yamma. Ya ce daɓen ƙasa ba ya ɗauke da nauyin bene, ana iya cire shi. Abin da bai yarda a kusanta ba shi ne ginshiƙai biyu da ke kusurwar baya da kuma gindin bango. Ya ja layi da alli, tazarar santimita 30 daga kowane bango, kusan rabin mita daga ginshiƙi. A kan layin za a fara tsaga da giranda, wato injin yanka mai faifai, don tsagewar kankare ta tsaya nan, kada ta bi ta shige ƙarƙashin bango. Abin da ya rage a bayan layi da hannu za a cire. Ya kuma gargaɗe ni cewa in har aiki ya kai ga taɓa bango ko ginshiƙi, ya zama maganar rushe gini, wannan kuwa a Legas sai da sanin LASBCA, hukumar kula da gine-gine ta jiha. Namu bai kai can ba. Kuɗin zuwansa naira 30,000.

Asabar, 11 ga Janairu

Na yi lissafin hayar injin da sayensa. Masu haya suna neman 20,000 zuwa 25,000 a yini, ni kuwa ba aikin yini biyu nake da shi ba, tunda ba zan bar kasuwa in tare a nan ba. Saye ya fi mini.

Na je Alaba ni da ɗan ƙanwata, wanda shi zai fi riƙe injin. Daga Agege zuwa Ojo tafiya ce, cunkoson Mile 2 kaɗai ya cinye safiya. Mun sayo irin wanda 'yan kasuwa ke kira 65A, ɗan China, wat 1,500, nauyinsa wajen kilo 15. A cikin akwatin akwai baki biyu, ɗaya mai tsini ɗaya mai faɗi, sai mariƙin gefe, 'yar kwalbar mai, sifana da kabon biyu na ajiya, wato 'yan guntayen da ke kai wuta ga motar injin. Na sa an jona shi a gabana, an dafa shi a kan wani guntun bulo na ji bugunsa kafin in biya.

Inji 210,000. Waya mai igiya uku, kauri 2.5, mita 20, 38,000. Na'urar yanke wuta mai lamba 30mA, 15,000. Takalma masu ƙarfe a baki ƙafa biyu, tabarau, safar hannu, abin rufe kunne irin mai kofi da kwalin takunkumin tare ƙura na FFP2, duka 61,000. Yaron shagon ya yi ta nuna mini takunkumin asibiti mai launin shuɗi, wai ya fi araha. Wannan ba ya manne wa fuska, ƙurar kankare ta gefe take shiga.

Litinin, 13 ga Janairu

Yau babu fasa komai, ranar mai gyaran wuta ce. Na fi ba wannan ranar muhimmanci a kan duk sauran.

Ya fara da filogi. Injin ya zo da mai hanci biyu siriri wanda ke lilo a cikin soket ɗinmu. Ya yanke shi ya sa mai hanci uku da fis na amfiya 13. Ya nuna mini wata alama a jikin farantin injin, murabba'i a cikin murabba'i, ya ce ma'anarta an killace wutar ciki ninki biyu, shi ya sa igiyarsa biyu ce kawai. Amma wannan bai hana waya ta yanke a kan kaifin kankare ba, a nan ne na'urar 30mA ke da amfani: da zarar wuta ta fara bi ta wata hanya, ta jikin mutum ko ta ƙasa, sai ta katse nan take. Tana da maɓallin gwaji, ya ce a danna kullum da safe kafin a fara.

Sai janareta. Wat 1,500 a kan wutarmu ta 230 wajen amfiya 6 da rabi ke nan, kuma lokacin tashi yana jan fiye da haka. Ƙaramin janaretan shago ba zai iya ba, zai riƙa shaƙewa, ƙarancin wuta kuma shi ke ƙona irin waɗannan injuna. Na ɗauko babban na gida mai 3.5kVA. Malam mai gyaran wutar ya kafa ƙarfe a ƙasa ya haɗa shi da janaretan, ya gyara haɗin yadda na'urar za ta yi aiki a kansa, ya gwada har ta katse. Janaretan a waje zai zauna, nesa da ƙofa da taga, saboda hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji wari ba.

Daga nan ya kashe wutar siton daga tushe, ya naɗe makunnin da salatif. Duk tsawon aikin nan da janareta kaɗai za mu yi. Ya buga ƙusoshi a bango aka rataye wayar sama, ta sauko ta bayan mai riƙe inji, ba ta jan ƙasa. Kuma kada a bar ta a naɗe ana aiki, tana yin zafi. Na biya shi 18,000 har da kayan da ya sa.

Laraba, 15 ga Janairu

Jiya aka tsaga layin alli da giranda. Yau muka fara.

Kafin a jona, ɗan ƙanwata ya duba 'yar tagar gilashi da ke jikin injin, mai yana nan. Ya goge gindin bakin, ya shafa masa giris kaɗan, ya zura, ya juya makullin, sannan ya ja bakin da ƙarfi ya tabbatar ba ya fita. Ya ɗaure mariƙin gefe. An tada janareta an bar shi ya daidaita, sai aka sa filogi. Magini ya tsaya a kansa ya gyara masa tsayuwa: ƙafafu a ware, bakin inji a gaba can ba tsakanin yatsun ƙafa ba, hannu biyu a kai, kuma a kafa bakin a kan kankare kafin a danna, ba a tada shi a iska.

Mun fara daga bakin ƙofa, inda daɓen ke da gefe a buɗe. Yaron ya kwanta a kan injin da ƙirjinsa yana dannawa, magini ya dafa shi ya ce, "Sassauta, nauyinsa ya isa. Kai dai ka riƙe masa hanya." Da ya sassauta sai ga bugun ya ƙara kaifi. Ana kafa bakin kamar taƙi ɗaya daga gefe, a ɗan karkata shi wajen da babu komai, sai ɓangaren ya tsage ya zame. In an yi daƙiƙa ashirin bai tsage ba a cire a matsa gaba, maimakon a tsaya ana huda rami. Daɓen bai fi kaurin inci 3 ba, siminti kuma bai ishe shi ba, yana ɓallewa falle-falle. Kafin azahar an ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Alhamis, 16 ga Janairu

Tsaftar kasuwa, ba a buɗe ba sai ƙarfe goma. An ɗan yi da yamma. Fetur lita 6, lita na neman naira dubu.

Asabar, 18 ga Janairu

Ƙorafi ya zo daga sama. Akwai mai jego a ɗakin da ke daidai kan siton, jaririn ba ya barci, ga wata tsohuwa mai hawan jini. Ƙarar tana bin ginin ne ta hau, su a sama sun fi na titi jin ta. Na hau da kaina na gaishe su na ba da haƙuri. Muka tsayar da lokaci: daga goma na safe zuwa azahar, sai daga bayan la'asar zuwa biyar da rabi. Babu aiki ranar Lahadi, babu ranar Juma'a da rana. Zai ja mana kwanaki, amma da mutanen nan zan ci gaba da zama bayan an gama.

Talata, 21 ga Janairu

Allah Ya kiyaye mu yau.

Tun ranar farko doka ɗaya na kafa: duk abin da ya fito daga ƙarƙashin kankare wanda ba tsakuwa ba ne ba ƙasa ba, a saki maɓalli, a kira ni. Wajen sha ɗaya da rabi ina waje ina magana da direban da ya kawo yashi, sai na ji inji ya yi shiru, yaron yana kira, "Kawu! Kawu, zo ka gani." Kusa da bangon hagu, wani ɓangare ya ɗaga, a ƙarƙashinsa ga baƙin bututun roba siriri kwance, ya nufi bango. Bakin injin ya kankare bayansa har ya yi fari, saura ƙiris ya huda. Ta wata tsohuwar tsaga ana hango jan waya a ciki.

Leburan da ke kwasar baraguzai ya ce ai an kashe wutar ɗakin, a finciko shi kawai. Na ce kowa ya fita. Na zare filogi na kira mai gyaran wuta. Da ya zo ya tsuguna ya kai abin gwajinsa kusa da bututun, sai ga shi ya kama ja yana ƙara. Akwai wuta a ciki. Ya bi sawunsa, ashe wayar telan da ke maƙwabtaka da ni ce. Shekarun baya shagunan biyu ɗaki ɗaya ne, da aka raba sai aka bar wayar ta bi ta ƙarƙashin daɓena daga mitar da ke ɗaya gefen. Baba mai gida kansa bai san da ita ba, ya tsaya yana tafa hannu.

Malam ya ce mini, "Alhaji, wannan na'urar da muka sa ba ta da iko a kan wannan wayar. Ita wutar janareta take gadi. Da ƙarfen nan ya shiga, wutar gari ce za ta hau shi." Na kalli yaron, ɗan shekara ashirin da biyu da uwarsa ta damƙa mini amana daga Funtuwa, jikina ya yi sanyi.

An dakatar da aiki. An kashe wutar tela, an zare wayar, an bi da sabuwa ta saman bango a cikin bututu inda kowa ke gani. Ni da Baba muka raba kuɗin, 24,000 ya faɗo kaina, na kuma ba tela wani abu na yinin da ya rasa. Sannan Malam ya bi duk sauran daɓen da bangon da abin gwajinsa, ya duba kowace mita a gidan ya ga inda wayarta ta nufa. Mai famfo ma ya zo ya tabbatar bututun ruwa ta bayan gida ya bi. Duk mai shirin fasa daɓe a tsofaffin gidajen Agege da aka yi ta rabawa ana haɗawa, kashe wutar ɗakinsa kaɗai bai isa ba.

Juma'a, 24 ga Janairu

An koma aiki jiya. Daɓe ya ƙare sai gefe-gefe. An ƙara mai, irin na mota mai lamba 40 kamar yadda takardar injin ta ce.

Litinin, 27 ga Janairu

Na ɗauko wani ƙaƙƙarfan lebura daga bakin gadar Pen Cinema don ya riƙa karɓar yaron a kan dakali. Ya ce ya yi shekaru yana wannan aikin a Lekki da Ajah. Ya iya, babu shakka. Amma da na miƙa masa takunkumi da abin kunne sai ya yi murmushi ya ajiye, ya naɗe fuska da tsohuwar riga, ya ce zafi. Da silifa ma ya zo.

Na zaunar da shi. Yashi da tsakuwar da ke cikin kankare suna da wani sinadari, silika, wanda in ya zama ƙura mai laushi yakan shige can cikin huhu ya zauna, ya yi tabo. Ba ya fita, kuma cutar da yake jawowa ba ta da magani, sai bayan shekaru mutum ya ga numfashi na gagararsa. Kunne ma haka. A ma'aunin ƙara, daga desibel 85 ake fara lissafin illa ga mai aikin awa takwas, irin wannan inji kuwa yana kai wa 100, inda kwata ɗin awa ya isa kunnen da ba a rufe ba. Tun muna magana na lura sai na ɗaga murya yake ji, yana juyo mini da kunne ɗaya. Na tambaye shi hannunsa fa. Ya buɗe tafin ya rufe, ya ce da dare yatsun kan yi kamar an kwana a kansu, wani lokaci maɓallin riga ma sai matarsa ta sa masa. Girgizar inji ce ke cin jijiyoyin, in ta yi nisa ba ta komawa.

Ya ce, "Maigida, wa zai ba ka wannan a wurin aiki? In ka tambaya ma a ce gobe kada ka zo." Na san gaskiya ya faɗa, abin kuma ya dame ni. 'Yan uwanmu ne ke riƙe da waɗannan injuna a rabin gine-ginen garin nan, ana biyansu kuɗin yini, su koma gida da huhu da kunne da hannun da ba za su ƙara samun irinsu ba. Kayan da na saya na mutum biyu bai kai kuɗin buhun wake ɗaya ba.

Ya sa, har takalmin. Na kuma tsara karɓa-karɓa: kwata ɗin awa a kan inji, a sauka a kama shebur ko a huta, ɗayan ya hau. Don ƙura kuwa, mun samo famfon feshi irin na gona, ana ɗan jiƙa wurin da baki zai sauka. Feshi kawai, ba kwarara ba, kada ruwa ya kwanta kusa da waya ko ya shiga ramukan iskar injin. Shara ma sai an yayyafa.

Alhamis, 30 ga Janairu

Dakalin nan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Zurfinsa ya kusa rabin mita, kankare mai kyau, da rodi mai kaurin milimita 12 a saƙe ciki. Da la'asar bakin mai tsini ya nutse tsakanin rodi biyu ya maƙale. Yaron ya fara jijjiga injin gaba da baya zai ɓanɓare, leburan ya daka masa tsawa. Haka ake karya baki ko a fasa wuyan inji, kuma in ya kuɓuce farat ɗaya mutum baya zai faɗi da kilo 15 a ƙirji.

Ga yadda ya yi. Ya zare filogi. Ya buɗe makullin ya ɗaga injin sama, bakin ya rage a tsaye cikin kankare. Ya sa mai faɗin, ya riƙa ɓalle gefen wanda ya maƙale kaɗan-kaɗan ta ɓangaren waje, har ya yi lako-lako. Ya ce kada kowa ya taɓa da hannu tsirara, ya yi zafin ƙona fata. Da filaya aka zaro shi. Daga yau a kan dakali daga kusurwa ake ci, hawa-hawa, in rodi ya bayyana a yanke da giranda kafin a ci gaba. Galan ɗin fetur na waje in ana yankan, saboda tartsatsi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Inji ya fara tari, yana yankewa yana dawowa, ana ganin tartsatsi ta ramukan iska. Muka tsaya nan take. Mai gyaran injuna a nan kusa ya kwance murfi biyu na gefe, kabon ya cinye saura ɗan guntu. Ya sa na ajiyar duka biyun, ya ce ba a canja ɗaya a bar ɗaya. Ya hure ƙurar ciki, ya ɗaure kusoshin jiki da girgiza ta sassauta. 4,000. Na ba da saƙon wasu kabon biyu.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Dakali saura gindi. An wasa bakin mai tsini. Na ga 'yar ƙujewa a jikin igiyar inji kusa da hannu, ba ta kai ga waya ba, amma Malam ya yanke wurin ya sake haɗawa. Bai yarda da salatif ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An gama da inji. Gefen bango da kewayen ginshiƙai da guduma da cizal aka cire, a hankali. Injiniya ya dawo ya zagaya ƙasa da sama, babu sabuwar tsaga ko ɗaya. Baba ya yi ta sa albarka. Rodin da aka ciro 'yan gwangwan sun auna sun ba da 9,000, na raba wa ma'aikata. Baraguzan ba za su tafi ko'ina ba, su ne cikon da za a ɗaga daɓen da shi, manyan a farfasa su da guduma. Abin da ya yi saura wani mai cike fili a Oko-Oba zai aiko a kwashe, ko tsakuwa ɗaya ba za ta shiga kwata ba.

Leburan ya tambaya ko zai iya tafiya da abin kunnen da takalmin. Na bar masa, har da ragowar takunkumi.

Talata, 11 ga Fabrairu

Lissafin matakin fasawa: inji da waya da kayan kariya 324,000; injiniya zuwa biyu 50,000; aikin wuta duka 42,000; fetur 58,000; leburori 96,000; giranda da fayafayanta da gyaran inji 31,000. Jimilla 601,000.

Mataki na gaba: gobe a baje ciko a daddaɓe, a rufe da yashi don kaifin kankare kada ya huda leda. Ledar mai kauri, a haɗa bakinta ya hau juna, ta ɗan hau bango. Kankare inci 4, haɗin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, magini ya ce buhu 16 na siminti, ana sayar da buhu wajen 10,000. Ina so a zuba ranar Asabar 15 ga wata, a yi mako guda ana ba shi ruwa. Ƙarfinsa ba ya cika sai kwana 28, don haka manyan buhuna ba za su dawo ba sai tsakiyar Maris, cikin azumi ke nan. Zan je in roƙi ɗan garinmu ya ƙara mini mako biyu.

Mutum biyu sun riga sun zo neman hayar injin. Na ce musu zan bayar, amma tare da wayarsa da na'urar yanke wuta da kayan kariya, kuma sai mai gyaran wuta ya fara duba wurin. Ɗaya ya yarda, zai zo ɗauka ranar Litinin.